Na Wuce Ƙofar Majemi A Sokode

Ina gaishe da mai shirya wannan mujalla da duk wanda wasiƙata za ta faɗo hannunsa. Ni dattijo ne yanzu, gemu ya yi fari, haƙora sun yi ƙaura, kuma akwai maganar da na daɗe ina ɗauke da ita a kai, ina so in sauke ta tun ina da sauran numfashi. Ba zan ambaci sunan kowa ba, domin jikokin mutanen suna nan da rai, muna gaisawa. A zamanin da Jamusawa ke riƙe da ƙasar nan ni matashi ne, ɗan wani falke mai fataucin shanu a Dapaong. Ina da tsawo, ina da ƙarfi, ina da sabuwar riga, ina kuma da baki. Hankali ne kawai ba ni da shi, kuma ban san ba ni da shi ba. Sau biyu tak na taɓa shiga Sokode, duk a bayan mahaifina, amma in ka ji ina ba da labarinta a dandali sai ka rantse ni na kafa garin.

Shekarata guda da aure a lokacin. Matata uwarta 'yar ƙabilar Moba ce, ubanta mahauci ne da ya zo daga arewa. Hausarta irin ta zango ce, mace da namiji duk ɗaya take kwashe su, ina yi mata tsiya, ita kuma ta rama da wadda ta fi zafi. Ba ta taɓa wuce garin Mango ba, ni kuwa na cika mata kunne da Sokode, da sakwarar doya wadda ba ta taɓa ci ba, da gidaje farare, da madubin da mutum zai ga kansa tun daga hula har ƙafa. Takan ce wai da bakina hanya ne, da tuni ta je Makka ta dawo. A shekarar gwiwoyin mahaifina suka ƙi, ya damƙa mini shanunsa in bi ayarin da zai yi kudu wajen goro, ita ma ta ce ƙafarta ƙafata, ai ayari ba ya rasa mata masu girki. Ranar da za mu tashi tsohon ya kira ni ɗakinsa, ya ba ni ƙullin kanwa da ya ɗaure da hannunsa, ya ce in na shiga Sokode kada in sauka ko'ina sai gidan majemi a Zango, in ba shi wannan, in ci tuwonsa kafin in ci na kowa. Sau uku ya maimaita. Na ce to, hankalina yana kan rigar da zan sa.

Sai in bayyana wa yaran yanzu abin da ake nufi, tunda sun tashi sun tarar da otel. A da kowane falke yana da mai gidansa a kowane zango. Ba ɗaki kaɗai yake ba ka ba. Shi zai kai ka gaban Sarkin Zango a san da zuwanka, shi zai nemo maka mai saye, in rigima ta tashi shi zai tsaya maka. Da ka ci abincinsa ka zama baƙon wane, sunansa ya rufe ka. Jamusawa ma sun bar abin haka saboda suna son ayari ya riƙa zuwa, don haka in ana kamun mutane don dako ko aikin hanya ba a taɓa baƙon da ke da mai gida. Wanda ba shi da mai gida kuwa ɗan iska ne a wurinsu, kowa ya samu ya ɗauka. Duk wannan na sani, kamar yadda yaro ya san wuta na da zafi bai taɓa sa hannu ba.

Ayarinmu ya yada zango a bakin wani rafi bayan gari don shanu su huta, madugu ya ba ni kwana ɗaya, ya ce gobe kafin azahar ya gan ni. Muka shiga Sokode da hantsi, ni a gaba cikin sabuwar riga, ita a baya da ƙunshinmu a kai. Tun kafin mu kai gidan majemin warin jima ya tare mu, warin ɗanyar fata da ruwan bagaruwa da ya kwana. Zauren ya tsufa, jinka ta yi baƙi, ga fatu a shanye ƙudaje na bi. Na waiga na ga matata ta ja gefen mayafi ta rufe hanci, ta tambaye ni cikin dariya ko nan ne gidan madubin. Wasa take yi, Allah ya sani, amma maganar ta soke ni. Majemin, wani tsoho, yana zaune a ƙofa yana kankare fata, ɗansa babba, magidanci mai 'ya'ya biyu, yana cikin ramin jima har gwiwa. Tsohon ya gane ni nan take, ya miƙe da fara'a yana kirana ɗan abokinsa, yana tambayar ƙafar mahaifina, ya leƙa cikin gida ya ce a share ɗakin baƙi, amarya ta zo. Ni kuwa na dubi idonsa na yi masa ƙarya. Na ce wucewa kawai muke yi, ba kwana za mu yi ba, madugu na jira. Ya dubi ƙunshin da ke kan matata, ya ce to ko ruwa mu sha. Na ce mun sha a hanya. Ƙullin kanwar yana cikin kayan, ban fito da shi ba, don na san in na miƙa sai na zauna.

Da muka yi nisa matata ta daina dariya. Ta ce ita fa wasa ta yi, hanci ai yakan saba, mu koma. Na ce mata ta bar ni da garina. Wani ɗan ayari ya taɓa ba ni labarin wani sabon gida a kan hanyar bariki, na wani mutum da ya yi arziki wajen sayar wa sojoji kaya, wanda ke ba baƙi ɗaki ba ya tambayar ɗan wane ne kai. Can na nufa. Gidan kuwa ya yi kyau, ba zan yi masa ƙarya ba. Bango ya sha farar ƙasa, ɗakin yana da ƙofar katako da kwaɗo, akwai gado, akwai ma madubin, ko da yake bai wuce faɗin faifai ba. Mai gidan ya karɓi abin da ya yanka mini, ya miƙo makulli, bai tambayi sunana ba, bai ce a kawo mana ruwa ba. Ni a wautata wannan ne wayewa. Na rataya makullin a wuya yadda kowa zai gani. Matata ta dubi kanta a madubin sau ɗaya, ta ce gidan ya yi shiru da yawa, ba a jin ko sautin turmi.

Saura maganar abincin rana, wadda ita ce ta ƙarasa ni. Ta ce mu koma cikin Zango layin mahauta, inda ta ga fatake zaune suna cin tsire da fura, ita 'yar mahauci ce, ta san za ta samu wanda ya san ubanta. Ni kuwa tsoron haɗuwa da majemin nake yi, tunda na ce masa mun wuce. Ramin ƙarya ƙurarre ne, ƙarya ɗaya ta rufe mini unguwa guda. Sai na ce ai sakwara na yi mata alkawari, kuma wadda ta fi kowace tana wata rumfa kusa da bariki, inda ake zama a kan benci ana ci a faranti. Mai abincin wata Batemiya ce mai jiki, 'yar ƙabilar Tem masu garin, ta zuba mana sakwara da miyar gyaɗa da soyayyen wagashi, wato cukun nono. Tana miƙo mini ta dube ni sama da ƙasa, ta ce da ƙaramar murya in ɗauka mu je gida mu ci, yau ba ranar da mai wuya irin nawa zai zauna a nan ba ce. Wallahi yabo na ɗauka, har na gyara zama. Matata ta taɓa ni ta ce in duba, babu falke ko ɗaya a rumfar, daga sojoji biyu sai wasu 'yan ƙauye da suka kawo doya. Na ce ai shi ya sa wurin yake da tsabta.

Ban kai loma ta biyar ba na ga sojojin nan biyu sun miƙe, ɗaya ya tsaya a wannan bakin rumfa, ɗaya a wancan. Wasu suka ɓullo daga bayan bariki da saje a gabansu. Ashe Bature zai tashi rangadi kudu da safe, 'yan dakon da aka aiko daga ƙauyuka wasu sun gudu, kaya sun fi kawuna yawa. Duk garin ya sani tun jiya, shi ya sa fatake suka lafe a Zango. Baƙo kuwa makaho ne ko da idonsa biyu. Sajen Bahaushe ne, harshensa irin na mahaifina, sai na ji sanyi a raina, na gaishe shi, na ce ni falke ne, ayarina na bayan gari. Tambaya ɗaya ya yi mini, baƙon wane ne ni. Sunan majemin ya zo bakina ya tsaya, kunya ta hana shi fita. Na ciro makullin na nuna, na faɗi gidan. Sajen ya yi wani murmushi da har yau ban manta ba, ya aika aka kira mutumin. Ya zo yana sakace haƙori, ya dube ni kamar bai taɓa ganina ba, sannan ya ce ɗaki ya ba ni haya, bai ba ni sunansa ba, bai san daga inda na fito ba, in ɓarawo ne ni ma shi bai sani ba. Ya miƙo hannu ya cire makullinsa daga wuyana.

Aka zura mini igiya a ƙugu tare da 'yan ƙauyen. A nan ne tsoro ya shige ni na gaske. Na san mutanen da aka tafi da su dako aka ce kwana goma, suka yi wata da watanni, wasu aka zarce da su aikin hanyar jirgi ba a sake jin ɗuriyarsu ba. Na san bulala ashirin da biyar ke jiran wanda ya yi gardama. Amma duk wannan bai kai ganin matata ba, tsaye a bakin rumfa da sakwara a yatsunta, a garin da ba ta jin yarensa, ba ta san hanyar komawa wurin ayari ba, gobe kuma madugu zai tashi ko da mu ko babu mu. Ni na kawo ta, ni na raba ta da ƙofa ɗaya tilo da za ta iya bugawa. Ta biyo mu tana roƙon sajen, tana kiransa baba, wani soja ya tare ta da gindin bindiga. Na so in ce mata ta je gidan majemi, amma da wane baki. Ba ta yi kuka ba. Ta goge hannunta a zane, ta juya ta tafi, ban san inda ta nufa ba.

Abin da ya faru da ita daga baya ta ba ni labari. Ta koma gidan farar ƙasar ta tarar an fito da ƙunshinmu an ajiye a waje, ƙofa a kulle. Ta ɗauka ta shiga gari, duk wanda ta tambaya da Hausa ya amsa mata da yaren Tem, lunguna kuma duk iri ɗaya. Ta yi ta zagaye har rana ta karkata, sai iska ta juyo ta kawo mata warin jima. Warin da ta toshe wa hanci da safe shi ta bi har ƙofar gidan. Ta durƙusa a gaban tsohon ta kwance kaya ta ajiye ƙullin kanwar, ta faɗa masa komai, har ƙaryar da na yi, ba ta rage mini ko kaɗan ba. Ta ce ya daɗe yana juya ƙullin a hannu yana duban ɗaurin, sannan ya ce wannan ɗaurin abokinsa ne, tun suna samari haka yake ɗaure kaya. Ya kira matarsa ya ce ta shiga da matata ciki, 'yarta ce. Ya je wurin Sarkin Zango, Sarkin ya ce masa yaron da ba a kawo gabansa ba ba shi da bakin magana a kansa, ya je bariki aka ce sai da safe. Ita dai a ɗakin da na ƙi ta kwana, ni kuma a wata rumfa a bariki, igiya a ƙugu, ban runtsa ba.

Gari na wayewa aka jera kaya a fili, akwatuna da buhuna da gadon Bature, aka tsayar da kowa a bayan nasa. Nawa akwatin ƙarfe ne, da na gwada shi na ji wuyana ya amsa. Ana jiran Bature ya fito sai na hango tsohon yana tahowa, matata a bayansa da akushi a kai, ɗansa a gefe. Na sunkuyar da kai, na so ƙasa ta tsage in shige. Ya gaida sajen da ladabi, ya ce yaron nan baƙonsa ne, ɗan baƙonsa ne na shekaru. Sajen ya ce ya san shi ba ya ƙarya, don haka tambaya ɗaya zai yi masa, shin yaron ya ci abincin gidansa? Tsohon ya sauke akushin daga kan matata, ya buɗe, tuwon dawa ne na jiya da aka ɗumama da miyar kuka. Ya ajiye a gabana ya ce in ci, ɗana. Na tsuguna a gaban sojoji da 'yan dako na kai loma, hawaye na zuba a cikin miyar. Sai da na haɗiye sannan tsohon ya ɗago ya ce wa sajen, ya ci.

Sajen ya yi dariya har ya riƙe ciki, ya ce Baba ya ci shari'a. Amma da dariyar ta ƙare ya ce akwai magana ɗaya. Bature ya riga ya ga kawuna daidai da kaya, in akwati ɗaya ya kwana a ƙasa bayansa ne zai biya. In an cire kai, sai an kawo kai. Na ga fuskar tsohon ta canja, bai zo da shirin wannan ba. Ni kuwa, kuma wannan ne abin da ya fi ci mini rai, na yi shiru. Ya kamata in ce a bar ni in tafi, tunda matata ta samu inuwa. Ban ce ba. Ina tsugune ina duban akushi. Ɗan majemin ne ya tako, hannayensa jajaye da rinin fata, ya ce wa ubansa shi yana jin Tem, ya san hanyar kudu, zai fi wannan iya dawowa, kuma ba a taɓa ɗaukar baƙo daga gidansu ba, ba za a fara a kansa ba. Ya kwance igiyar daga ƙuguna ya ɗaura a nasa. Ya karɓi zanen da matata ta naɗe ya yi gammo, ya ce mini in kama masa. Da hannuna na ɗora masa akwatin.

Muka cim ma ayari kafin azahar. Matata ba ta yi mini magana ba har muka kai ƙasar goro, kuma ban ga laifinta ba. Da muka biyo ta Sokode a hanyar dawowa ɗan majemin bai dawo ba. Matarsa ta kawo mana ruwa, ta gaishe ni, ba ta ɗago ido ba. Sai bayan mun isa Dapaong labari ya zo cewa ya dawo, amma kurkunu ya kama shi a hanya, aka ci gaba da tafiya da shi a haka, ƙafar ta ruɓe ta warke a karkace. Bai sake shiga ramin jima ba. Da na faɗa wa mahaifina abin da na yi bai zage ni ba, ya juya fuskarsa bango, ya ce sau uku ya faɗa mini.

Na yi shekaru masu yawa ina bin hanyar nan, Jamusawa suka tafi, wasu suka zo, ban sake kwana ko'ina a Sokode ba sai gidan. Tsohon majemin ya rasu, ɗansa ya zama mai gidana. Na kai masa saniya ya ce ba a sayar da abin da ya yi. Na roƙi gafara ya ce bai san laifin da nake magana ba. Da ya zage ni ko sau ɗaya da na samu sauƙi. Abin da yake yi kawai shi ne, duk ranar da na iso, da ya ji sallamata zai taso daga zaure yana jan ƙafar nan, ya karɓi kayan da ke hannuna. In na riƙe sai ya ce in saki, baƙo ba ya ɗaukar kaya a gidansu. Haka zan bi shi a baya hannu sake, ina kallon ƙafar, har ɗakin baƙi.

Abin da na koya ke nan, kuma da tsada na koya, sai dai wani ne ya biya. Masauki ba bango ba ne, mutum ne. Ku matasa da ke ɗaukar iyalinku ku shiga birni, ban ce kada ku nemi wuri mai kyau ba, amma kafin ku dubi gado ku tambayi kanku wa zai fito ya ce ya san ku in rana ta ɓaci. In kun shiga wurin cin abinci kuka ga 'yan gari sun ƙaurace masa, ku tashi, in matarku ta ce ranta bai kwanta ba ku saurare ta. Kada kunyar tsohon gida ta sa ku wuce ƙofar da iyayenku suka nuna muku. Ɗan majemin da matata duk sun riga ni gidan gaskiya, Allah ya ji ƙansu. Har yau in na wuce majema na ji warin nan, mutane na toshe hanci, ni sai in tsaya.